Abin da Gara Ta Karanta

Ni ke riƙe da makullin ɗakin takardu,
can bayan ɗakin awo, inda bedi ke zubar da ganye.
Shekara goma sha tara ina jera rajista.
Ban taɓa saurarar ƙirjin kowa ba,
amma na san zukatan Maradi da lambar shafi.

Ran Laraba likita Barira ta miƙo mini salularta.
Ta ce, Tsahiru, dubi taswira.
Kowace ƙasa an shafa mata ja
gwargwadon binciken da ta rubuta kan ciwon zuciya.
Wasu jajawur kamar manja.
Wasu, marasa ƙarfi irinmu, sun ɗan taɓa,
kamar zoɓon da aka tsawaita da ruwa.
Na bi da yatsa ina neman tamu.
Fara fat,
ƙwaryar da aka wanke aka kife.

Na ce, ashe mu lafiyarmu lau.
Ba ta yi dariya ba.

Shafi na arba'in da ɗaya, Mantau,
ɗan kabu-kabun hanyar Tibiri,
ƙafa ta kumbura har silifa ta ƙi shi,
ya zo yana neman maganin shawara.
Shafi na sittin, Hamsatu daga Jiratawa,
wata guda da haihuwa, a zaune take barci,
in ta kwanta numfashi ya yi mata yaji.
Ga yaron Bagalam, ciwon maƙogwaro ya wuce
ya bar masa ƙofar zuciya tana kuka
kamar ƙyauren langa-langa cikin iska.
Shi ban ga shafinsa na biyu ba.

Barira ta ce awon ƙwayar da take ba su
a jikin wasu aka gwada shi,
mutanen da ba su taɓa huɗar gyaɗa da azumi a baki ba.
Rigar aro ce, in ji ta,
wani ta rufe shi, wani ta bar masa cibiya waje,
kuma ba wanda ya zauna ya ƙirga su.

Yaushe za ta zauna?
Mutum saba'in a layi kafin azahar.
Takardar injin awon zuciya ta ƙare tun ƙaramar salla,
an ce tana hanya, ta kwana Ɗan Isa.
Wuta ta zo, wuta ta tafi.
Wanda suka yi aji ɗaya, yana wata ƙasa
wadda ba ta fi mu hatsi a rumbu ba,
sunansa ya fito sau tara.
Can an ba shi ɗaki da mai taya shi lissafi.
Ita da ta tambayi kuɗin buga takarda guda
sai ta ninke hannu, ta ce albashin wata huɗu.

Mai karatu ɗaya muke da shi a nan, gara.
Ba ta fashi, ba ta neman izini.
Bara ta karance shekara biyu cur,
ta bar mini bango da zare,
da rabin sunan wata mata: Sha.
Shafa'atu? Shamsiyya? Allah ya sani.

Yanzu bayan isha muke haɗuwa.
Ita tana karantawa, ni ina jan layi a bayan kwali,
huɗu a tsaye, na biyar a gicciye.
Jiya mun kai ɗari biyu da goma sha biyu
cocila ta mutu.
Muka ɗan zauna cikin duhu.
Ta bangon nan ina jin tarin wani a gado na uku,
wanda bai shiga lissafi ba tukuna.

Na ɗora kantar a kan bulo,
na zuba toka a gindin kowace ƙafa.
Gobe in na ratsa kasuwa zan sayo batir.